Baƙon da Ya Koyi Hannun Malam

Malam bai bar hoto ba, in ban da na jikin katin zaɓe, wanda ko ni ban gane shi a ciki ba. Tun da aka kawo ni Fakuwa daga Kaikai ina amarya, in mai hoto ya shigo wurin biki sai Malam ya juya ƙeya ya shige zaure. Muryarsa ma babu wanda ya ɗauka. Rigunansa an yi sadaka da su, garmarsa tana hannun ƙanensa. Abu ɗaya ya rage a duniya mai motsi irin nasa, shi ma ba mutum ba ne, yana cikin wata tsohuwar waya da nake ajiyewa a cikin kwalla. Labarinsa nake so a rubuta tun ina iya tunawa. Ni ban yi karatu ba, ɗiyata ke riƙe da biro, kuma mun yi da ita in kuka ya zo mini za ta jira.

Ciwon a gona ya same shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da a ƙuruciyarsa ake tasowa daga Rimaye bayan kaka don a kalli kokawarsa, ya koma sai an ɗaga shi an zaunar. A asibitin Kankia suka ce a riƙa sa shi motsa yatsu kada su ƙage. Muka gwada ɓarar gyaɗa, muka gwada tufkar igiya, kowanne ya taɓa kaɗan ya ture. Ɗiyata, wadda ke aure a Kankia, ita ta kawo tsohuwar wayarta da wani wasa a ciki, irin wanda yara ke ce wa gem. Ya ce shi ba yaro ba ne. Ba ta yi musu da shi ba, ta ajiye masa a bakin tabarma ta koma gidanta. Kafin kasuwa ta zagayo sai ga Malam yana tambayata ko solar da ke kan rufi ta cika waya.

A cikin wasan akwai wani ɗan mutum mai riƙe da sanda mai haske. Shi ne kai. Babban yatsan hagu ke tafiyar da shi, na dama ke kai duka. Da yake na daman Malam ba shi da ƙarfi, sai ya zama ɗan mutuminsa ya fi kewaye da jira, ba ya duka sai ya tabbata. Kullum bayan azahar nakan shimfiɗa masa a gindin bedin tsakar gida, ni ina tsince hatsi, shi yana bin garuruwan cikin waya yana kashe wasu ƙananan halittu masu ihu. A haka har ya kai wurin babbansu.

Baƙo muke ce masa, don ɗiyata ta ce ba ɗan duniyar nan ba ne, daga bayan taurari ya sauko. Dogo ne siriri kamar karan dawar da ta yi tsawo ba ta yi kai ba. Jikinsa launin toka. Ba shi da baki, ba shi da hanci, sai idanu farare marasa ƙwaya. Hannuwansa suna kai wa gwiwa. Ranar da na fara leƙa shi sai da na yi a'uziyya.

Na ce, "Malam, wanga ba aljani ba ne?"

Ya ce, "Ke dai. Zane ne. Mutane suka zauna suka yi shi, kamar yadda kike zanen ƙwarya."

"To mi ya sa shina kallona?"

"Don kin tsaya a kaina kin kare mini haske. Matsa."

Abin da Baƙo ke iya yi yana da yawa. Yakan ɓace a gabanka ya bayyana a bayanka. Yakan miƙa hannu daga nesa sandarka ta fice daga hannunka ta tafi wurinsa. In ka ji masa rauni sai ya shiga inuwa ya tsaya, raunin ya rufe kana kallo. Amma ba waɗannan suka dame ni ba. Ladabinsa ne ya dame ni. Sauran halittun duk haushi suke da hargowa, shi kuwa in ka shigo sai ya rusuna maka tukuna. Ba ya gaggawa. Ba ya murna in ya yi nasara. In ya kashe ɗan mutuminka sai ya durƙusa kusa da gawar, ya dafa ta, ya yi wata magana a hankali da Turanci. Na tambayi ɗiyata me yake cewa, ta ce godiya yake yi.

Ta ce labarin da ke cikin wasan shi ne, duniyarsu ta mutu, shi kaɗai ya rage, kuma ba shi da wani hali nasa na kansa. Shi ya sa yake yawo gari gari yana karɓar na mutane: tafiyarsu, tsayuwarsu, yadda suke faɗa. Ba ya ƙin kowa. Buƙata ce kawai gare shi. Ni dai na ce gara mugun da ke zaginka, ka san inda kuka tsaya.

Malam kuwa girmama shi yake. Yakan ce, "Wannan da ya shigo fage a zamaninmu, da ko akuya ba mu kawo gida ba. Duk dabarar da na yi masa yau, gobe da ita yake tarbata." Gaskiya ne kuwa. Malam yana da wani kewaye da yake yi ta hagu, kafaɗa a ƙasa, tun yana saurayi da shi yake ruɗa abokin kokawa, ya kuma sa ɗan mutuminsa yana yi. Ba a daɗe ba Baƙo ya fara kewaye ta hagu. Malam yakan yi kamar zai ja da baya sai ya dawo. Baƙo ya ɗauka. Suka zama kamar mutum da inuwarsa, ba wanda ke iya kama wani, kuma a ƙarshe kullum Baƙo ke durƙusawa ya yi godiya.

Akwai abu guda da ba dabara ba ce. Ana cikin faɗa hannun daman Malam yakan ƙage. Sai ya saki wayar a cinya, ya miƙo mini hannun ba tare da ya dube ni ba. Ni kuma in ajiye faifai, in lakato man shanu, in murza masa yatsun ɗaya bayan ɗaya har su saki. Duk tsawon lokacin nan ɗan mutuminsa yana tsaye, hannu a sake. Da fari nan Baƙo ke gamawa da shi. Wata rana ina cikin murzawa sai Malam ya fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin ciwon.

Ya ce, "Dubi nan. Har ciwona ya koya."

Na duba. Baƙo ya tsaya cik a tsakiyar fage, ya saki hannun dama, ya ɗan karkata kai gefe. Bai motsa ba sai da na gama da ƙaramin yatsa.

Malam ya rasu da damina, an gama noman farko ba a shiga maimai ba. Da safe ne, ya sha kunu, ya ce in gyara masa matashi, kafin in juyo ya tafi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba zan iya faɗin abin da ya fi haka ba a kan ranar nan, ko yanzu.

A wurinmu ba a barin aikin mamaci a tsaye. In mutum ya rasu da gona a hannu, sai a kira gayya, maƙwabta da dangi su fito da garemaninsu, kowa ya kama kunya, ba a tashi sai an kai ƙarshe. Gonar Malam dama ƙanensa da 'ya'yansa ke noma ta tun da ya kwanta, amma duk da haka mutane suka fito suka yi masa maimai a yini guda. Ina ɗaki ina takaba ina jiyo kiɗansu daga nesa. Na ji sanyi a raina, na ce an sauke masa.

Ina cikin takabar ne ɗiyata ta zo wata la'asar ta ɗauko wayar, ko za ta sami hotonsa da wani ya ɗauka bai sani ba. Babu. Sai ta buɗe wasan, ta ce bari ta ga inda Baba ya tsaya. Ga ɗan mutuminsa a bakin ƙofar fage inda ya bar shi. Ta shiga. Baƙo ya rusuna, ya miƙe, sannan ya sauke kafaɗa ya fara kewaye ta hagu.

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Tafiyar Malam ce. Ba ta Malam mai ciwo ba, ta Malam da na fara gani a fagen Kusada ina tallar gyaɗa. Ya yi kamar zai ja da baya, ya dawo. Can ya tsaya ya saki hannun dama ya karkata kai. Hannuna ya tafi neman kwanon man shanu da kansa. Ɗiyata ta kife wayar, muka yi ta kuka.

Daga ranar hankalina bai kwanta ba. Na san Malam yana inda Allah ya kai shi, na san matattu ba sa dawowa, balle cikin waya. Amma in na rufe ido sai in ga doguwar halittar nan mara baki tana sanye da tafiyar mijina kamar wanda ya saci riga. Ga kuma ɗan mutumin Malam a tsaye a bakin ƙofa, ba mai shigar da shi, ba mai mayar da shi gida. Ina wanke-wanke ina tunaninsa. Ina son in sake ganin kewayen nan, ina kuma jin bai kamata ya zauna a jikin wannan abu ba. A ƙarshe na ce wa kaina ai aiki ne Malam ya fara bai gama ba, kuma na san yadda ake yi da irinsa.

Ranar da na fita takaba gidan ya cika. An yi mini lalle, na sa sabon zane. Hatsi ya riga ya shiga rumbu. Ɗiyata tana bakin murhu tana suyar wainar sadaka. Ƙanen Malam ya shigo yana dogara sanda, ya tsaya ya ƙare mini kallo.

Ya ce, "Uwargida, ke ce kika fita takaba, ko budurwa aka kawo mana?"

Na ce, "Rufe mini baki, tsohon banza. Haƙora nawa suka rage maka?"

"Waɗanda suka rage sun isa cin waina."

"Zauna. Akwai sauran aikin yayanka da ba a gama ba."

"Wane aiki kuma? Gero na rumbu, dawa na rumbu."

Na ɗauko wayar na ajiye a gabansa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya dubi fuskata ya daina.

Ya ce, "To, gayya za a kira ke nan."

Na ce, "Na kira. Ga ku nan."

Yadda ake yi a gona haka muka yi. Aka zauna a gindin bedi aka yi da'ira. Aka ce kowa sai ya sa hannu, wanda aka kayar ya miƙa wa na kusa da shi, ba a tashi sai Baƙo ya faɗi. Wata ta kife tasa ta fara kiɗa. Ni na zauna a baya inda zan riƙa ganin fuskar wayar.

Ƙanen Malam ya fara. Shi tun yana yaro ba ya iya jira, da shigarsa ya afka wa Baƙo yana duka ba ji ba gani. Baƙo ya kewaye ta hagu ya gama da shi, ya durƙusa ya yi godiya. Aka yi masa ihu. Ya ce yatsansa ne ya zame, sai an bar shi ya sake. Ya sake, ya kuma sakewa, sai da matarsa ta fizge. Ita kuma tsoro ya hana ta komai, duk inda Baƙo ya motsa sai ta danna, ɗan mutumin ya yi ta tsalle a wuri ɗaya kamar ɗan akuya. Ƙawata Bafulatana, wadda ta daɗe tana kawo mana nono, ta karɓa ta gudu da ɗan mutumin can ƙarshen fage ta ƙi dawowa, tana cewa ita ba ta da rigima da kowa. Haka wayar ta yi ta zagayawa.

A zagaye na biyu Baƙo bai kewaya ba. Yana gama rusunawa ya rugo a guje. Aka ce wa ƙanen Malam, ga ɗanka nan. Can kuma ya fara tsalle a wuri ɗaya, aka bushe da dariya, ana nuna matar tana rufe fuska da mayafi. Ni ma na yi dariya, ta farko tun rasuwar. Ina cikin yi sai na daina. Na zuba ido ina jiran ya sauke kafaɗa. Bai sauke ba. Na jira ya yi kamar zai ja da baya. Wannan karon da gaske ya ja, ya gudu can ƙarshen fage.

Na tashi na je bakin murhu.

Na ce, "In Baƙo ya koyi na wani, na Malam da ya fara koya fa?"

Ɗiyata ta tsaya da cokali a hannu, waina na ƙonewa a tanda. Ta ce, "Inna, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Ina jin ba ya riƙe duka. Kamar tulun da ya cika ne, in kin ƙara sai na ciki ya zube."

Na koma gindin bedi da sauri. Wayar tana hannun babban ɗan ƙanen Malam, mai acaɓa a Kankia, shi kuwa ya san irin wasannin nan. Baƙon da ya saura yanzu ba wanda ya gagari Malam ba ne, mai gaggawa ne, matsoraci, mai tsalle ba dalili. Jan layin da ke bisa kansa, wanda ke nuna sauran ransa, ya kusa ƙarewa. Kowa ya miƙe tsaye, mai tasa ta ƙara wuta. Sai Baƙo ya tsaya cik. Ya saki hannun dama. Ya karkata kai.

Ƙanen Malam ya ce, "Yanzu, buga mishi."

Na kifa tafin hannuna a kan wayar, lallen ko gama kamawa bai yi ba.

Mai tasa ta daina kiɗa. Ƙanen Malam ya ce, "Uwargida, ke kika ce a gama."

Na ce, "Na fasa."

"Ba a tashi daga gayya da sauran kunya guda."

"Wagga kunyar tawa ce."

Na ɗaga hannuna kaɗan. Baƙo yana nan yadda yake. Ƙanen Malam ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa. Shi ma ya sha murza hannun nan in na tafi unguwa. Ya miƙe ya share fuska da bakin riga, ya ce wa jama'a, "Ku zo mu ci waina tun da zafi." Ba wanda ya ƙara tambayata komai.

Da aka zo rabon gado na ce a sa wayar a cikin nawa. Kewayen hagu ya tafi, ba zai dawo ba, ja da bayan nan ma ya tafi. Tsayuwar kaɗai ta rage, kuma na san duk yatsan da ya sake taɓa wasan zai iya ture ta. Na yi watanni ban buɗe ba, sai dai in ba ta caji in mayar kwalla. Amma abin da ba ka gani, da shi da babu duk ɗaya ne a wurin tsohuwa. Na sa ɗiyata ta nuna mini inda ake dannawa a shiga fage, daga nan in ɗauke hannu, kada in taɓa komai, kada in koya masa komai.

Haka nake yi, bayan azahar, a gindin bedi. Da fari yakan rugo da gaggawar ƙanen Malam, ya yi tsallensa, sannan a tsakiya ya tsaya ya saki hannu. Nakan bi yatsun a zuciyata, daga babba har ƙarami, ina gamawa yana motsawa. Sai ya kashe ɗan mutumin, ya durƙusa ya yi godiya, ni kuma in yi wa Malam addu'a in rufe.

A hankali gaggawar ta ragu. Tsallen ya ɓace. Na yi murna, na ce na mutane ne ke zubewa, na Malam na zama. Amma tsayuwar ta fara tsawo. Nakan gama yatsun duka in sake komawa, bai motsa ba. Yanzu in na shiga sai ya rusuna, ya tako a hankali har gaban ɗan mutumin, ya saki hannu, su tsaya suna fuskantar juna har hasken wayar ya dushe da kansa. Ko kashewar ya daina.

Na gaya wa ɗiyata. Ta ce, "Inna, rashin taɓawar ma yana koya. Zamanki ne yake yi."

Wataƙila haka ne. Na ce mata har yanzu hannun dama yake saki, ni kuwa duka biyun nake ajiyewa a cinya. Ta ce to. Kan ma yana karkata shi, sai dai na lura ni ma haka nake karkata nawa in ina kallonsa, kuma ban san tun yaushe ba, ban san wanda ya fara ba. Jiya na buɗe, muka zauna ni da shi har inuwar bedi ta bar tabarma. Na yi ta dubansa ina neman Malam, ban iya cewa ga shi ba, ban kuma iya cewa ba ya nan ba.